Kanarin Malam Haruna Tela

Cikin shekarun da na yi ina aiki a wani asibitin dabbobi a yankin Kabo, ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce wata Litinin da damina, da Likita ya sauka daga babur riƙe da keji an lulluɓe shi da tsohon zane. Ni ƙaramin ma'aikaci ne, mataki na uku. Aikina shara, wanke kayan aiki, da riƙe dabba idan za a yi mata allura. Na riƙe bijimai, na riƙe jakuna, amma ban taɓa riƙon abin da bai cika tafin hannuna ba.

Likita ya ce, "Malam Tukur, ga amana. Kanarin abokin mahaifina ne, Malam Haruna tela na Gwarzo. Idonsa ya yi rauni, ya rufe shago, 'ya'yansa sun tafi da shi Kano. Ni kuma gidana akwai kyanwa biyu. Daga yau naka ne. Abu ɗaya tsohon ya roƙa, duk Juma'a a kira shi ya ji kukan tsuntsun ta waya."

A ƙa'idar wurinmu, duk dabbar da za ta kwana sai an buɗe mata kati, a rubuta sunan mai ita da abin da ke damunta. Na tambayi Likita me zan rubuta a gurbin ciwo. Ya yi dariya ya ce, "Rubuta baƙunta."

Da na yaye zanen, sai na ga tsuntsun ya maƙale a lungun keji, gashinsa ya tashi, jikinsa yana rawa. Na ce a raina hayaniyar wurin nan za ta kashe shi. Na kai shi sito, can baya inda muke tara kwalayen magani. Na ɗiga wa ƙofar man gyaɗa don kada ta yi ƙara. Idan zan shiga sai na cire takalmi. Na zuba masa acca da ruwa, in na sami sarari kuma in zauna kan kwali in zuba masa ido, ko tari ba na yi. Har masu kawo dabbobi na riƙa roƙo su rage murya.

Bai saki jiki ba. Kullum da safe nakan hure accar in duba ƙaiƙayi, sai in ga ɗan kaɗan ya taɓa. Da Juma'a ta zo Likita ya kira tsohon, ya ce masa tsuntsu bai gama sabawa ba tukuna. Ina tsaye na ji muryarsa ya ce, "To, Allah ya sa dai yana cin abinci." Ranar ko tuwo ban iya ci ba.

A kwana na tara Likita ya kama shi ya shafa ƙirjinsa. Ya ce ba ciwo, amma ƙashi ya fito, in aka ci gaba haka ba zai ƙara mako ba. Na nemi izinin rabin yini na tafi Gwarzo, don ina zargin ko ba irin abincinsa nake ba shi ba.

Na tarar da shagon a kulle. Maƙwabcinsa, wani mai wankin hula da ake kira Malam Garba, ya shimfiɗa mini buhu. Bayan mun gaisa, na tambayi iyali da aiki da ruwan bana, sai na zayyana masa duk ƙoƙarin da na yi. Ya ajiye hular da ke hannunsa ya dube ni.

"Sito ka kai shi? Shiru?"

Na ce, "Ko motsi ba na bari a yi."

Ya ce, "Malam, ai kurkuku ka kai bawan Allah. Tsuntsun nan shekara huɗu yana rataye saman keken ɗinki. Ga rediyo, ga injin markaɗe a bayan shago, ga ni da Haruna muna musu tun safe. In keke ya tsaya, shi ma tsayawa yake. Kuma Haruna ba ya kallonsa. Kansa na kan allura, da hannun hagu yake miƙa masa ganyen latas. Kai kuwa ka zauna ka kafe shi da ido kamar kyanwa."

Da na koma gida na nemi mai ɗakina ta ara mini kekenta na ƙafa. Ta ce, "Malam, in ce dai ba tsuntsun zan ɗinka wa riga ba?" Ta yarda, da sharaɗin in cire allura, tunda ta san hannuna.

Ban shigar da keken asibiti ba sai da na sanar da Likita, saboda kayan waje ba sa shiga ma'aikatar gwamnati haka kawai. Ya ce in sa shi a baranda. Na rataye kejin sama da shi, na juya wa tsuntsun baya, na fara taka keke ba zare ba allura. Wani Alhaji daga ƙauyen Jama'a ya zo da ragonsa, ya tsaya yana kallona.

"Malam Tukur, gwamnati ta fara ɗinki ne? Da na sani da na zo da wandona."

Aka yi ta dariya, ni kuwa ina son in ce su yi shiru, na danne. Ana cikin dariyar na ji wata 'yar ƙara a saman kaina, ƙas ƙas. Ƙaiƙayin acca ne yake faɗowa kan hulata. Wuyana har ciwo ya yi don son in waiwaya, amma ban waiwaya ba.

Daga nan kullum sai in taka keke da safe da bayan azahar. Shara da wanke-wanke ma na dawo da su kusa da kejin, ina yi ina ba shi labarin gonata. Bayan kwana biyar na miƙa latas da hagu, fuskata na kallon titi. Hannuna ya gaji sosai kafin in ji an ja ganyen. Juma'a ta biyu ta wuce bai yi kuka ba, amma Likita ya iya gaya wa tsohon gaskiya cewa yana ci.

Ranar Laraba ya fara kuka, a hankali, kamar mai gwada murya. Da Juma'a ta uku ta zo, Likita ya ɗaga waya kusa da keji, ni ina taka keke, kanari ya saki kuka har ana ji daga bakin titi. Tsohon ya saurari kukan ta waya. Can ya ce, "Shi ne. Alhamdu lillahi." Sannan ya ce, "Wa ke taka keken nan?"

Likita ya ce, "Malam Tukur ne, Baba."

"Allah ya yi masa albarka. Amma ka gaya masa keken yana neman mai, kuma yana gaggawa. Ba a taka keke kamar ana korar mutum."

Ku da kuka shigo aikin nan bayana, abin da na koya ke nan. Shirun da na yi ta gadi nawa ne, ni ke son sa, ba tsuntsun ba. Tun daga lokacin, in aka kawo mana dabba ta ƙi sakin jiki, ba na tsayawa kan me take ci. Nakan tambayi mai ita da wa take yini, me take ji, ta wane gefe ake zuwa mata. Mutanenmu sun san amsa, ba a dai cika tambayarsu ba ne.