Ƙafa Shida, Ƙafa Takwas

A shekarar da Baba ya fara barci da loma a hannu, Kaka ta hana a share saƙar gizo-gizo a ɗakinsa. Muna zaune a zangon Tamale, zamanin Turawa, ina 'yar shekara tara. Baba fataken goro ne, kuma kowa ya ce ƙudan tsando ne ya cije shi a mashigar kogi, ya sa masa ciwon barci. Mutum ƙato, ana magana da shi sai kansa ya langaɓe.

Da an yi magariba Kaka kan jawo mu bakin murhu, ni da ƙannena. Ran nan ta tura itace cikin wuta ta ce, "To, ga wata tatsuniya nan tafe da ƙafa takwas."

Wai wata rana ƙananan halittu suka taru za su raba dangi. Aka ce duk mai ƙafa shida, mai jiki kashi uku, kai da ƙirji da ciki, ya tsaya gefe guda. Kiyashi ya wuce, sauro ya wuce, fara da zanzaro suka bi. Da gizo-gizo ya zo, tsando ya tare shi. "Tsaya, malam! Ƙafarka takwas, kanka a manne da ƙirjinka, ko fiffike babu. Kai ɗan wa ne?" Aka yi masa dariya, aka kore shi. Shi ne ya hau kusurwar ɗaki ya kafa saƙa, ya rantse sai ya kama tsando.

"Kaka, ya kama shi?" na tambaya.

"Ke dai da gaggawa, kishiyar tsohuwa! Yana nan yana jira. Ran da ya kama shi, duk wanda tsando ya ciza zai farka."

Wallahi na yarda. Kullum da safe sai in taka turmi, in ɗauki tsinke in zaro abin da saƙar ta kama, in baje a faifai. Kaka ta koya mini alamar tsando: bakinsa tsinin allura ne a miƙe, fikafikansa kuma ɗaya kan ɗaya yake naɗe su kamar almakashi. Na ƙirga ƙafafu har na gaji. Sauro, ƙudan gida, wani lokaci shinge. Baba yana kwance a ƙasana yana ramewa, ni ina ta ƙirga.

Wata rana malamin asibiti da ke zagaya gidaje ya zo ya laluba wuyan Baba. Ya ga faifaina, na yi masa bayani. Ya ce, "Yarinya, tsando ba ya shiga gari. Yana can bakin kogi, tafiyar kwana biyu." Na juya na kalli Kaka. Ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta.

Bayan kwana tara aka kai Baba makwancinsa.

Na daɗe ina jin haushinta, har na yi 'ya'ya. Sai da na yi jinyar nawa ɗan, na zauna hannu biyu babu abin da zan iya yi masa, sannan na gane. Kaka, matar da ta yi shekara talatin tana ƙetare kogin nan, ta san inda tsando yake. Ɗanta take kallo yana tafiya, ba ta da magani, sai ta samar mini aikin yi. Ita kam ba wanda ya ba ta ko tsinke.