Ba Ta Dahu Ba

Duk wanda ya san Kawu Mati ya san falalen dutsen nan na ƙofar gidansa a Zurgu, inda yake ajiye gangar nomansa ta sha rana. Zai zauna a gefenta kamar mai jinya, jim kaɗan ya miƙa yatsa ya ƙwanƙwasa fatar, ya karkata kunne, sai ya girgiza kai ya ce, "Ba ta dahu ba." To wallahi ko hakimi ne ke jira a gona, sai dai ya ci gaba da jira. Kuma ba ganga kaɗai ba. Ka kawo masa maganar aure, ba ta dahu ba. Ka tambaye shi labarin dimokuraɗiyya, ba ta dahu ba. Ni kaina, ɗan ƙanwarsa, ranar da na buɗe shagon tura waƙoƙi a waya a kasuwar Rano, ya zo ya leƙa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ƙwanƙwasa goshina da yatsan nan ya ce, "Ita ma wannan ba ta dahu ba." Tun daga ranar ya raɗa mini Ɗan Batir, sunan da har matata ke kirana da shi idan mun yi faɗa.

Yaran yanzu ba su san aikinsa ba, bari in faɗa musu. A da, idan aka kira gayya, wato jama'a su taru su nome gonar mutum ɗaya a yini ɗaya, makaɗi ne ke bin bayan manoma. Kowane gidan noma yana da takensa, kiɗan da ba na kowa ba ne sai nasu, da kirarin da ke tafiya da shi. Da zarar mutum ya ji an buga na gidansu, sai garma ta zama ba ta da nauyi. Taken gidaje daga Zurgu har Lausu, har tsallake wajen Kibiya, duk suna cikin kan Kawu Mati, kuma ba su a ko'ina sai nan.

Lokacin da Shari'a ta zo, wani matashin ustazu da ya dawo daga karatu ya same shi a bakin dutsen.

"Baba, kiɗa fa ya ƙare. A jingine gangar nan."

"To, Ustaz. Ita ciyawa an sanar da ita?"

"Wace ciyawa kuma?"

"Ta gonar babanka mana. Jiya na wuce, na ga alama wa'azin bai kai gare ta ba."

Magana ta kai gaban Liman. Liman ya tambaya ko ana cakuɗuwar maza da mata a wajen kiɗan. Kawu ya ce, "Allah gafarta Malam, wace mace ce za ta ci kwalliya ta zo huɗa?" Liman ya danne dariya ya ce a ci gaba, amma in an kira salla a tsaya. Kawu ya ce ai shi ko ladan ya yi gyaran murya ma yana sauke gula, wato sandar kiɗan. Sati biyu bayan haka aka yi gayya a gonar uban ustazun, ustazun ma ya shigo da garmarsa yana ta ɗaure fuska. Can aka ga ƙafarsa ta hagu tana bin kiɗa. Kawu ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a, ku yi wa Ustaz uzuri, ƙafar ce ba ta je karatun ba!"

Don haka kada wani ya ce Shari'a ce ta nemi kashe gangar Kawu. Mu ne, mu 'yan fiyano, kuma ni ne ja-gaba.

Ku tuna ɗan takarar kansilan nan da ya ɗauke shi a mota zuwa situdiyo a Kano don ya yi masa waƙa. Mai situdiyon ya ce minti huɗu ake so, ya danna fiyano, ya ce bisimilla. Kawu ya fara share fage. Ya gode wa Allah, ya yi salati, ya gaida ubangidansa da ya koya masa kiɗa, ya gaida wanda ya koya wa ubangidan nasa. An ci minti ashirin bai zo kan ɗan takara ba, yana kan kakansa. Da aka matsa masa, sai ya ce, "To ai nan gizo ke saƙa. Kakan nasa ba shi da take. Bai taɓa kai kunya ɗaya ƙarshe ba, kullum ciwon baya." Ɗan takara ya ce a ƙirƙira mana! Kawu ya ce, "Baki na ƙarya, ganga ba ta yi." Mai situdiyo, don ya lallashe shi, ya sa muryarsa a na'ura ya kunna masa. Kawu ya saurara tsaf, ya ce, "Kai, yarinyar nan tana da murya, sai dai mura ta kama ta. 'Yar wane gida ce?" A motar haya ya dawo, gangarsa a cinya.

Ni da shi kuwa kullum cikin musu muke. Ina ce masa, "Kawu, gaskiya ɗaya ce. Kiɗanka ya yi tsawo, ba ya rawuwa, kalmomin ma ba ma gane rabinsu. Wa zai sa wannan a waya?"

Sai ya ce, "Ɗan Batir, kuna zaune a benci kuna so ku ji daɗin kiɗan garma? Kiɗana ba ta kunne yake shiga ba, ta gadon baya yake shiga. Sai ka sunkuya. Ku kuwa ba kunya a gona, ba kunya a ido."

Na ɗauka zancen tsofaffi ne. Ina!

Daminar da abin ya faru, Malam Sule, mai makarantar allo a Lausu, ya kira gayyar huɗa. Samari suka ce sun gaji da jiran ganga ta dahu, in kawo sifika da batir. Na ce an gama. Labari ya kai wa Kawu, ya tako har shagona ranar kasuwa, gaban mutane ya ce a raba gonar biyu, dattawa da ganga, samari da akwatin sifika. "In akwatinka ya riga gangata kaiwa bakin iyaka, ni da hannuna zan sa wuƙa in farke ta, in koma sayar da goro." Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Amma kowa ya san Kawu Mati ba ya magana biyu. Da na je gaida Inna, mahaifiyata, ta dube ni ta ce, "Sabi'u, in gangar nan ta farke ta dalilinka, ba ka san abin da ka farke ba." Na ce, "Haba Inna, fatar akuya ce fa."

Ranar gayya gari ya waye da hadari, rana ta ƙi fitowa. Na kunna sifika, samari suka afka gona da ihu, ƙasa na tashi. Kawu kuwa yana zaune a gindin ɗorawa, ganga a gabansa, yana kallon sama. Dattawa sun jingina da garemaninsu, ransu a ɓace. Wani ya ce, "Mati, a hura karmami a gasa ta mana!" Ya ce, "Abin da wuta ta dafa da gaggawa, da gaggawa yake saki." Ya ƙwanƙwasa. "Ba ta dahu ba." Mun ci kusan rabin namu ɓangaren, su ko kunya ɗaya ba su tayar ba. A nan ne dariyar ta fara fita daga raina, don na hango wuƙarsa a ɗamara, kuma na san zai aikata.

Amma fa namu ɓangaren ma ba lafiya ba. Waƙar fiyano sauri gare ta, garma kuwa tana da nata takun. Masu bin kiɗan suka fara haki, waɗanda suka ƙi binsa suka rikice, wasu suka jefar da garma suka shiga rawa. Sai faɗa ya tashi a kan wace waƙa za a sa. Kunyoyinmu kuwa, kai, kamar sawun maciji.

Da hantsi ya dubi ludayi, rana ta keto. Kawu ya bar ta ta sha, ya ƙwanƙwasa, ya karkata kunne. Sai ya miƙe ya rataya ta ya ce, "Yanzu ne."

Jama'a, ban taɓa jin abu irin wannan ba, ko kuma na sha ji ban saurara ba. Bai yi sauri ba. Bugu ɗaya, garma ta sauka, bugu ɗaya, ƙasa ta kife. Ya bi bayan Baba Ɗanlami ya buga na gidansu, tsohon da ke kukan gwiwa ya yi wata kururuwa ya tsere wa sa'o'insa. Ya koma kan na biyu, ya koma kan na uku. Dattawa suka jeru suna tafiya kamar mutum ɗaya. Daga nan sai ya yi mana mugunta. Ya matso bakin iyakar da ta raba mu, ya fara buga taken gidajen samarina ɗaya bayan ɗaya. Yaro zai tsaya cak, ya ce, "Kai, wannan ai na kakana ne!" sai ka ga ya saɓi garma ya tsallaka. Ina ƙara sautin sifika, suna ƙara zarewa, har na rage daga ni sai akwatina.

Sai ya juyo ya dube ni, ya sauya kiɗa, ya ɗaga murya:

"Garba na gaban kunya, rana ta gaji ta bar ka! Mai gona tasa, mai gonar maƙwabci!"

Garba sunan mahaifina ne. Ya rasu ina goye, ko hotonsa babu. Inna na gindin ɗorawa tare da matan da suka kawo fura, sai na ji ta rangaɗa guɗa tana kuka, tana cewa, "Taken ubanka ne, Sabi'u! Rabona da jinsa tun kana ciki!"

Wallahi ban san lokacin da na tuɓe rigar shaddata ba. Na fizgi garmar wani na shiga, ni da na yi shekara goma ban sunkuya ba sai a salla. Ina huɗa ina hawaye, ganga na bina a baya, kuma ta gadon bayan ta shiga, yadda ya faɗa. Kafin azahar mun gama ɓangaren dattawa, muka dawo muka rushe karkatattun kunyoyin samari muka sake su. Sifika tana can tana yi wa ƙadangaru waƙar soyayya har batir ya mutu.

Da ladan ya kira salla, Kawu ya sauke gula, ya zaro wuƙar nan. Sai ya ciro goro daga aljihu ya ɓare, ya miƙo mini rabi. Ya kama tafin hannuna da ya yi bororo, ya duba, ya ƙwanƙwasa goshina ya ce, "Ta fara."

Bayan nan na roƙe shi ya bari in naɗi taken nan duka. Ya yarda, da sharaɗin ba fiyano, ba muryar yarinya mai mura. Aikin kwana uku ya ci mana wata huɗu, kun san dalili. Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau fiyano ake nema a shagona, wanda ke zaune a benci ba ya tambayar ganga. Amma da ruwan farko ya sauka, sai ka ga saurayi ya shigo yana sosa ƙeya ya ce, "Ɗan Batir, a sa mini na gidanmu."

Da ciwo ya kwantar da shi, ranar Laraba ta ƙarshe na je duba shi, an fito da shi kan tabarma kusa da dutsen yana shan hantsi, gangar na gefensa. Na ce, "Kawu, yaya jikin?" Ya ɗora yatsa a ƙirjinsa ya ƙwanƙwasa a hankali, ya karkata kunne, ya yi murmushi ya ce, "Ta dahu." Washegari muka kai shi gidansa na gaskiya.

Allah ya jiƙan Kawu Mati, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Ya Allah, shi da ya riƙe sunayen iyayenmu bai bar ko ɗaya ya faɗi ba, ka kira shi da sunansa cikin bayinka na gari, ka haɗa shi da Garba a inuwa ɗaya. Amin.