Ba Zan Goge Hotunan Gadar Habu Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar yau labarin ya same ni. Ina tura mashin zan fita aiki sai ga kiran ƙanin Habu. Ya ce, "Yaya Sani, Habu fa ya cika."

Na ce wane Habun? Kamar ina da wani.

Habu Sabis. Mai shagon gyaran waya a Kazaure, mai wannan shafin da kuke karantawa, Me Na Tsinto Yau. Ni ne Sani, ɗaya admin ɗin, wanda ba ku taɓa jin muryarsa ba saboda aikina kawai share zagi a kwamen. Yau kam dole in yi magana, kuma ba mai daɗi ba ce duka.

Sikila ce ta ɗauke shi. Tun muna yara take kayar da shi yana tashi, har muka saba, muka ɗauka kullum ma zai tashi.

Waɗanda ba su san asalin sunan ba: ƙauyensu yana bayan Roni, kuma a can sai ka hau dutse kafin waya ta kama. Duk ranar da ya je gida, za ka hango shi a saman dutse ya ɗaga waya sama yana juyi. Daga nan Sabis ya bi shi.

Kun san yadda yake fara kowane fostin: "Jama'a, ga abin da na tsinto." Yau injin dashen shinkafa na wata ƙasa, gobe mutum-mutumi mai soya ƙwai, jibi ya tsunduma cikin rigimar 'yan fim kamar da shi aka raba gado. Idan ƙungiyarsa ta ƙwallo ta sha kashi sai ya ce ba shi da data. Ƙarya yake, yana nan yana leƙe.

Shi ya fara nuna mana bidiyon da na'ura ke haɗawa ta sa mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba. Ya ce, "Daga yau ko babanka ka gani a waya yana magana, kira shi ka tambaya."

Babana da idonsa ya yi rauni, Habu ne ya ƙara masa girman rubutun waya, ya cika masa ita da karatun Alƙur'ani. Har yau Baba ba ya kiransa da suna, sai "yaron nan mai albarka".

Wata mai sayar da turaren wuta a Babura aka sace mata shafinta da duk kwastomominta. Habu ya rufe shago ya zauna a kai har ya dawo mata da shi. Da ta aiko masa da turare, ya yi mako yana yi mana yanga da ƙamshi.

Amma ba don waɗannan wasu suka tsane shi ba. Don gada ne.

Akwai wata ƙaramar gada a hanyar ƙauyensu da ruwa ya cinye shekarun baya. Duk kakar zaɓe sai a zo a tsaya a bakinta a yi alkawari a tafi. Habu bai taɓa zagin kowa a kanta ba. Duk Juma'a dai zai sa sabon hoton ramin, ya rubuta a ƙasa: "Gadarku tana gaishe ku." Shi ke nan. Idan yana kwance ba lafiya, ƙaninsa zai aika ya ɗauko masa.

Bara yaran wani ɗan siyasa suka saki hoton wata gada sabuwa fil, har da fenti, suka ce an gama aiki. Habu bai yi musu da su ba. Ya hau mashin ya je, ya shiga ramin ruwa iya gwiwa, ya ɗauki kansa ya rubuta: "Ga ni a kan sabuwar gadarmu. A yi haƙuri, ta ɗan yi ƙasa."

Ranar na yi dariya har cikina ya ƙulle. Su kuwa ba su yi ba. Suka yi ta kai ƙarar shafin har aka rufe shi na wani lokaci. Aka kira shi aka lallashe shi, aka kira shi aka yi barazana. Da shafin ya dawo, abin da ya fara sawa gada ce.

Ranar Talata na je duba shi a asibiti nan Kazaure. Hannu ɗaya ana ƙara masa ruwa, ɗayan yana latsa waya. Na ce ko a nan ma ba za ka huta ba? Ya ce, "Duniya ba ta tsaya jira na ba."

Can sai ya kife wayar a ƙirji ya ce, "Sani, ka san halin mutanenmu. Ranar da na mutu za a ce a goge shafi. Waƙoƙin da raye-rayen da na sa a shafin ka kwashe su, wallahi ni ma ina tsoron kabari. Amma gadar nan, ko hoto ɗaya ka taɓa ban yafe ba."

Na ce, "Dalla rufe mana baki, kai da za ka ga jikokinka." Ya yi dariya ya ce in miƙo masa caja.

Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Yau muka ɗauko shi a mota zuwa ƙauye. Jiya an yi ruwa sosai. Da muka iso wurin, direba ya kashe mota ya ce iyakarsa ke nan. Muka naɗe wanduna, muka saɓa Habu a kafaɗa, muka shiga ruwan da shi. Inna, mahaifiyarsa, ta biyo mu a baya riƙe da hannun ƙaninsa, tana zamewa a laka. Kowa ya san inda muke.

Ban yi kuka a asibiti ba. A cikin ramin nan na yi.

Bayan sallar Juma'a aka yi masa sallah aka kai shi makwancinsa. Ƙasar hannuna ba ta bushe ba wani ya ja ni gefe. Na gane shi sarai, yana cikin masu sabuwar gadar nan ta hoto. Ya kwantar da murya ya ce, "Malam Sani, ka ji tsoron Allah ka rufe shafin nan gaba ɗaya. Kada zunubi ya riƙa bin bawan Allah har kabari."

Al'adar nan ta goge abin da mamaci ya bari a waya, ni ban raina ta ba. Gata ce, kuma ina fatan a yi min ita. Amma ka zo maƙabarta ka lulluɓe buƙatar maigidanka da tsoron Allah? Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, ta ina ka bi ka shigo garin nan?" Ya kalli wandonsa. Shi ma a jiƙe yake.

Kafin la'asar, da na hau dutse don waya ta kama, wani na gaba da ni a wurin aiki ya kira. Ya yi ta'aziyya mai kyau, sannan ya tuna min cewa ni ma'aikacin gwamnati ne, kuma akwai wurare can bakin boda da ake neman mutum. Na fahimta. Ina da mata da yara a Kazaure, ga Baba da ba ya gani sosai. Ba zan yi muku ƙaryar jarumta ba, gabana ya faɗi.

Sai na shiga wurin Inna na durƙusa. Na ce, "Inna, an ce in rufe shafin Habu."

Ta ce, "Abin da yake faɗa a kan ramin nan, ƙarya ne?"

Na ce, "A'a, Inna."

Ta kama bakin zanenta ta nuna min. Lakar tana nan ta bushe a jiki. Ta ce, "To ka bar wa ɗana gaskiyarsa."

Don haka ga inda muka tsaya. Na sake hawa dutsen nan nasa, na zauna na kwashe waƙoƙin, da raye-rayen, da tsokanar 'yan fim, kamar yadda ya ce. Duk wanda ya ajiye irinsu daga shafin nan, don Allah ya goge.

Hotunan gada kuwa suna nan, ko ɗaya ban taɓa ba, kuma ba zan taɓa ba. Mai kai ƙara ya kai. Mai takardar taransifa ya rubuto, a bakin boda ma akwai sabis. Idan hotunan sun dame ku, kun san hanyar da za a daina ɗaukarsu, kuma ba ta wayata ta bi ba.

Yau Juma'a. Hoton da ke ƙasan rubutun nan ni na ɗauka a hanyar dawowa. Sawayen da kuke gani a lakar namu ne, mu da muka ɗauke shi.

Gadarku tana gaishe ku.

Ya Allah ka jiƙan Habu, ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, ka yafe masa abin da ya yi na wasa da na ganganci, ka haskaka kabarinsa. Ka ba Inna haƙurin da ba mu da shi.

Ku da ya sa dariya ko sau ɗaya, kada ku tsaya a laik. Ku ajiye wayar, ku ɗaga hannu ku roƙa masa gafara.