Takalmin Baba a Kan Tebur

Ina aji biyu a sakandare aka fara raɗe-raɗi a layinmu na unguwar Television wai Mama tana dukan Baba.

Tun da Baba ya bar aikin masaƙa zuciyarsa ta daina bin tsari: ta buga, ta dakata, ta kwasa da gudu. Likita ya ɗora shi a kan maganin tsinka jini. Ya ce in jini ya daskare a zuciya ya haura kai, shanyewar ɓarin jiki ke nan. Ya kuma hana shi maganin ciwon jiki na kemis. Ba a jima ba baƙaƙen tabo suka fito masa a damtse da ƙauri. Ga shi Mama ta fi shi tsawo, ta fi shi murya.

Wata Asabar mata uku na zumuntar coci, har da matar fasto, suka zo cikin anko. Na kawo musu zoɓo, na maƙale a bayan labule.

Matar fasto ta gyara ɗankwali. "'Yar'uwa, komai taurin kan namiji, ba a ɗaukar masa muciya."

"Muciya? Ni?" Mama ta dafe ƙirji. "Baban yara, buɗe baki ka yi magana!"

Baba ya ja hannun riga. "Ku ƙyale ta. Maganin asibitin nan ne. Daga yau na daina sha."

Ni kuwa ina wurin lokacin da likita ya yi bayanin abin da dainawa ke jawowa. Kuma ni ke share ɗaki. Na ga asuwakin Baba yana yin ja kowace safiya, na san tsohon takalminsa na aiki ya fara yin ƙara in an ɗaga shi.

Bakina ba ya buɗuwa a gaban manya. Sai na ɗauko takalmin, na ajiye a kan tebur kusa da zoɓo.

"Yarinyar nan lafiya?" in ji matar fasto.

Mama ta kife shi. Ƙwayoyin kemis suka zubo, ja da fari.

"Na gwiwa ne," Baba ya ce a hankali.

A keke mai ƙafa uku guda biyu muka raka shi asibiti, har da masu anko. Likita ya gwada jininsa, ya ce haɗa magungunan ne ya jawo zubar jini ƙarƙashin fata. Ya canza na gwiwa, ya ce kada a kuskura a bar na zuciya.

A hanyar gida Mama ta ce, "Yau kam da muciya na kusa..."

Matar fasto ta ce, "Da ni zan riƙe miki shi."