Fashi Biyar a Ajin Sifaniyanci

Takarda ce mai shafi biyu, kuma har yau in na tuna ta sai na ji bakina ya yi ɗaci. Ranar da muka koma zango na biyu a makarantar gaba da lise, wato gaba da sakandare, can cikin Garwa, Madam mai koya mana Sifaniyanci ta shigo da takardun a rungume, ta bi layi tana ajiye wa kowa tasa. Ko sannu da hutu ba ta ce mana ba. Cewa ta yi kowa ya karanta, ya sa hannu a ƙasa, ya yage guntun ya miƙo mata. Dokokin ajinta ke nan.

Madam 'yar kudu ce, doguwa, mai ɗan ƙaramin tabarau. Ta yi karatu a can ƙasar masu harshen, kuma ba ta taɓa bari mun manta da haka ba. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini daɗi: matar nan ta iya koyarwa. A hannunta bakina ya buɗe, har na fara mafarki da yaren. Amma dokokinta, wayyo! Da ka taka ƙofar aji babu Faransanci, balle Fulatanci ko Hausa. Minti goma bayan an fara darasi ta sa sakata, ko kana kuka a waje ba ruwanta. Aikin gida in ta ji ƙamshin waya ce ta fassara maka, sifiri. Babbar dokar kuwa ita ce ta fashi. Darasi sau uku ne a mako, Litinin, Laraba da Juma'a. An yafe maka fashi uku a zango. Daga na huɗu ba ka zauna jarrabawa, sai fa in ka kawo takarda mai hatimin asibiti ko na hukuma cikin mako guda.

Na sa hannu ina taunar cingam. Wa yake karanta irin wannan takarda da tunanin mutuwa?

Ni 'yar mahauci ce, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Tun a lise da aka ce kowa ya zaɓi yare na biyu, duk gida an ɗauka Larabci zan ɗauka, sai na ɗauko Sifaniyanci don kawai yana yi mini daɗi a baki. Baba ya yi ta tsokanata. "To, wa za ki yi wa wannan yare? Shanu?" Amma shi ne ya tsaya mini. Ya ce in yi shekara ukun nan, in fito malama, ya ga ƙarshen abin.

Kafin Afrilu na riga na ci fashi biyu. Ɗaya zazzaɓi ne ya kwantar da ni, ɗaya kuma na raka Baba asibiti a duba jininsa. Ban ma nemi takarda ba, tunda ina da sauran guda a hannu.

Ranar wata Lahadi da hantsi Baba ya dawo daga kwata, ya ce kansa na juyawa, a shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ruwan da ya ce a kawo masa bai sha ba. Kafin azahar an yi masa wanka, an yi sutura, an sallace shi a ƙofar gida, mahautan kasuwa sun ɗauke shi. Wanda ya san zafin Garwa a watan Afrilu ba zai tambayi dalilin gaggawa ba, balle haka addini ya ce a yi. Babu likitan da ya gan shi. Ba wanda ya yi tunanin likita, don ba magani muke nema ba, likkafani muke nema.

Gida ya cika. Mata daga garin Gidar, dangin Inna ke nan, da na Bibemi inda Baba ke sayen shanu, da matan unguwa da ba a ƙirga su. Inna ba ta iya magana, sai dai ta ɗaga kai ta sauke. Ni ke amsa gaisuwa, ni ke nuna wa baƙi wurin kwana, ni na san inda makullin komai yake. Ranar Laraba na tuna dokar Madam, na saɓi jakata a ɓoye zan fita. Makarantar fa ba nisa, minti goma sha biyar ne a kan moto, wato babur ɗin haya. Goggo, yayar Baba, ta tare ni a bakin zaure.

"Ina zuwa da jaka?"

"Goggo, darasi ɗaya ne, yanzu zan dawo."

"Ubanki ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, ke kina zancen darasi? So kike a ce 'yar gidan nan ba ta san mutuwa ba? Wuce ki ajiye, kafin ranki ya ɓaci."

Na ajiye. Ban ƙara taɓa jakar ba sai bayan sadakar bakwai. Litinin, Laraba, Juma'a, haɗe da biyun farko, fashi biyar ke nan.

A daren bakwai ɗin bayan magariba Baffa ya tara mu. Ƙanin Baba ne, shi ma mahauci, kuma yanzu gidan a wuyansa yake. Ya ce in Inna ta fita takaba za ta koma Gidar da yara. Sai ya juyo gare ni. "Ke kuwa in karatu na tafiya, ki zauna wajen Goggonki ki ƙarasa, haka Yaya ya so. In ya tsaya, ki bi uwarki, tana buƙatarki." Babu zancen maimaita shekara, kuma ni ma na san babu. Jarrabawar nan ita ce zamana a Garwa.

Washegari na tafi meri, ofishin magajin gari, neman takardar mutuwa. Mutumin da ke tagar ya ce ina takardar likita. Na ce a gida ya rasu. Ya ce to sai in zo da shaidu biyu da takardar mai unguwa, sannan in dawo bayan mako biyu. Mako biyu! Na fito na wuce wurin limamin da ya sallaci Baba. Bawan Allah ya yago shafi daga littafin yaro, ya rubuta mini da ajami cewa shi ya yi wa wane salla ranar kaza, ya sa hannu. Hatimi kuwa ina zai same shi?

Da wannan na shiga ofishin Madam. A ofis ma dokar yare tana nan, don haka tun a kan moto nake ta haɗa maganar a raina, yadda zan ce ubana ya mutu da Sifaniyanci ba tare da na yi kuskure ba. Wallahi har yau ina jin haushin kaina a kan wannan. Na tsaya gabanta na faɗa tiryan-tiryan kamar mai karanta hadda, na miƙa takardar liman.

Ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa. Ba ta san ma ta ina ake fara karantawa ba.

"Babu hatimi," ta ce.

Sai kuka ya ƙwace mini, irin wanda ban yi ba ko ranar da aka fita da Baba. Madam ta cire tabarau. Abin da ban taɓa ji ba ya faru, ta yi mini magana da Faransanci. Ta ce ita ma ubanta ya rasu tana ƙasar waje, amma su sai da aka ajiye shi wata guda a firjin asibiti ana jiran dangi, shi ya sa ba ta taɓa kawowa a ranta za a binne mutum babu takarda ba. Ta ce dokar ba a hannunta kaɗai take ba, an kai kwafi wurin shugaban sashe. Amma ta ce in ba ta lokaci zuwa Litinin mai zuwa, za ta yi masa magana a karɓi takardar meri ko da ta makara. Ta ce kada in yi ta yaɗawa, don akwai wasu uku da ta riga ta hana.

Kada in yaɗa. Ni kuwa da bakina, ina isa gida na zazzage wa Inna da Goggo, Baffa na zaune yana alwala yana ji. Murna ce ta ɗebe ni. Na ga ya gyaɗa kai ya ce, "Allah sarki, ashe matar tana da kirki." Ban kawo komai a raina ba. Ya kamata in kawo, don na san gidanmu. Mu ba mu iya godiya da baki kawai ba. Ungozoma ta karɓi haihuwa, nama. Maƙwabci ya taya gyaran katanga, nama. Malam ya yi wa yaro addu'a, nama. Mahauci in ya ji daɗinka wuƙarsa yake ɗauka.

Ranar Litinin da safe ina tsaye a baranda gaban ofishin malamai ina jiran amsa. Ta ƙofa ina hango Madam da shugaban sashe da wasu malamai biyu, ta fara yi masa bayani ke nan. Sai na ji ƙarar moto a tsakar makaranta. Baffa ne, ya sha babbar rigarsa ta Juma'a, ya rungumo wani ƙunshi a takardar buhun siminti. Tun daga nesa na gane ko mene ne.

"Baffa! Baffa, don Allah tsaya!"

"Ke matsa, ba wurinki na zo ba."

Ya yi sallama da ƙarfi, ya shige, ya sauke ƙunshin a kan teburin Madam, bisa takardun ɗalibai. Cinyar bijimin sa ce sukutum, yankan safiyar nan, har da hanta a gefe. Ya zaɓo mata abin da ko manyan masu sayensa ba ya ba su. Sannan ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki da Faransancinsa na kasuwa, yana cikawa da Fulatanci inda ya gaza. Ya ce wannan na Madam ne, saboda taimakon da za ta yi wa 'yarsu a jarrabawa. Ya ƙara da cewa in yarinya ta ci, akwai wani.

Innalillahi. Jini ya fara ratsa takardar siminti yana shiga aikin gidan mutane. Shugaban sashe ɗan arewa ne, ya ji kowace kalma, kuma na rantse ya san abin da Baffa ke nufi, don shi ma a irin gidajenmu ya tashi. Amma sai kallon Madam kawai yake yi. Sauran biyun ma ita suke kallo, ɗaya har da ɗan murmushi.

Madam ta miƙe. Fuskar nan da na gani ranar da ta cire tabarau ta ɓace. Ta ce ya ɗauke kayansa. Baffa ya yi dariya, ya ɗauka kara ce irin ta mutanen kirki, ya ce ai ba a mayar da hannun kyauta. Ta sake faɗa da tsawa. Ya dube ta, ya dube ni, ya juya ya fita ya bar naman a wurin, don a duniyarsa abin da ka ba mutum ya bar hannunka ke nan. Mai gadi aka kira ya fitar da naman.

Sannan ta kira ni ciki, a gabansu duka. Ta jawo kwafin dokokin, ta juya shafi na biyu, ta ɗora yatsa a kan layin da ke kusa da ƙarshe. Ashe an rubuta cewa duk ɗalibin da ya kawo wa malami kyauta, shi ko danginsa, an ɗauke ta a matsayin neman sayen maki. Da hannuna na sa hannu a ƙarƙashinsa. Ta ce da Sifaniyanci, a hankali yadda kowa zai ji, ba za ta kai ni gaban kwamitin ladabtarwa ba saboda rashin da aka yi mini. Amma fashi biyar fashi biyar ne.

Na tsane ta a ranar, kuma ban ce na daina ba. Na san tsoro ne ya kama ta, mace baƙuwa a cikin maza masu jiran ta zame. To, amma sunanta ta wanke da ni. Ta san sarai tsohon nan ba cin hanci ya zo bayarwa ba, wane mai ba da cin hanci ne ke shigowa da sallama tsakar rana? Shi ma shugaban sashe da kalma ɗaya zai iya kashe maganar, ya zaɓi ya yi shiru. Ni kuma da na riƙe bakina mako guda kacal, da yanzu wani labarin nake rubutawa.

'Yan ajinmu suka zauna jarrabawa a watan Yuni, ni ina gida ina tsince wa Inna shinkafa. Da ta fita takaba muka ɗaure kaya. Baffa ne ya raka mu tasha, shi ya yi ta fama da masu lodi har aka ɗora katifu. Tun ranar nan bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban tayar ba. Sai da na zauna a mota kusa da taga ya matso, ya dafa ƙarfen, ya yi ƙasa da murya don kada Inna ta ji. Idanunsa sun yi ja.

"'Yata, abin nan ya hana ni sukuni. Raina shi ta yi ko? Da rago na kai mata a tsaye, da ta bar ki kin rubuta?"

Na dube shi, mutumin da ya tashi tun asuba ya zaɓo mini mafi kyawun abin da yake da shi. Direba ya tayar da mota.

"Da ta bari, Baffa," na ce.