Shatin Yatsun Baba Sanda

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kakana, Baba Sanda na Gwandu, Allah Ya jiƙansa. Da ƙarfe biyar na yammacin ranar addu'ar bakwai zaurensa ya fara shiga haɗari, kuma ƙauna ce ta jawo. Baƙi sun watse, Baffa Bello, yayan mahaifina, ya tsaya yana shafa bangon waje, inda shatin yatsun Baba na yaɓen ƙarshe yake kwance layi-layi. Ya ce, "Kada wanda ya ƙara yaɓe bangon nan. Hannun Baba ne." Duk muka gyaɗa kai, ni har da hawaye.

Mahaifin Baba ne ya gina zauren, a shekarun da Turawa ba su daɗe da zuwa ba, tun mota ba ta san hanyar Gwandu ba. Tubalin ƙasa ne, da rufin azara, da baka biyu da suka haɗu a tsakiya. A cikinsa aka raɗa wa Baba suna. Yau gidajen bulo da kwano sun kewaye shi, amma da bazara ta yi zafi, masu gidajen nan a zaurenmu suke shimfiɗa tabarma, wai sun zo gaisuwa.

Kowace shekara, kafin ruwan fari, Baba kan tara maza a kwaɓa ƙasa da makuba, wato jiƙon kwasfar ɗorawa, su hau yaɓe, mata kuma suna daɓe a ciki suna waƙa. Ni ina gefe da littafi. Sai ya leƙo daga kan tsani ya ce, "Amarya, miji na bisa yana wahala, ke kina hira da takarda? Yau sai na sake ki!" In rufe fuska da mayafi, jama'a su yi ta dariya. Da yamma kuma ni yake kira in zuba masa ruwan wanke hannu, yana ba ni labarin fataken da suka kwana a zauren, da Fulanin da suke ajiye ƙoren nono a bakin ƙofa kafin su shiga kasuwa. Daga nan na kamu da son tarihi, wanda nake karantawa yanzu.

Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo baya, ba a taɓa bangon ba. Ya fara zaizayewa, indararo ya karkace, tsaga ta buɗe daga sama. Shatin yatsun da muke tsaro ma ruwa yana lashe shi kaɗan-kaɗan. Baffa ya ce gara a rushe zauren cikin mutunci a yi shago da ya faɗo kan yara, ya sa rana bayan babbar salla. Ni kuwa ko gaishe shi nake yi, ƙasa nake kallo.

Na tambayi malamina a makaranta, ya ce in ɗauki hotuna tun da sauran lokaci. Wani magini ya ce a shafe da siminti. Babu wanda ya amsa abin da ke damuna: in an yaɓe, mun shafe hannun Baba, in ba a yaɓe ba, mun rasa zauren. Sai na hau mota zuwa Kalgo wurin Goggo Hajo, ƙanwar Baba, wadda ita kaɗai ta rage a tsararsu. Abin da ta faɗa mini shi na kai wa Baffa. Washegari ya aika a nemo makuba.

Bana ma an yi yaɓe. Da Baba zai leƙo, na san zai yi tsaki ya ce ƙasar ta yi ruwa, zai yi dariyar samarin da ke ɗaukar hoton kansu a kan tsani, sannan ya tambaya ko har yanzu amaryarsa da takarda take hira. Yatsunsa ba sa ganuwa a bangon, amma ranar da ya saba tara mu tana nan, zauren kuma yana tsaye.

Ranar da na je Kalgo, Goggo tana ɓarar gyaɗa ta saurare ni har na gama, ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Ke ɗiyar ga, duk karatun nan! Shi Sanda hannun wa ya iske ga bangon?"

Na ce, "Na mahaifinku."

Ta ce, "To, shekarar da ubanmu ya rasu, yana kuka yana yaɓewa. Hannun ubanmu na nan ciki, ƙarƙashin nashi, ruwa bai taɓa shi ba. Ku kuwa kunka bar na Sanda waje ruwa na dukan shi. Ku tafi ku suturta mini ɗan'uwana."