Baba Mai Laima, Wanda Ba a Son Gani a Ƙofar Gida

Kafin a buɗe coci da safe, Baba Mai Laima ya riga ya iso. A benci na ƙarshe yake zama, ya jingine baƙar laimarsa da bango, ya durƙusa da gwiwa ɗaya domin ɗayar ta daina lanƙwasuwa tuntuni. In an gama sujada kowa ya watse, shi ba ya tashi sai Fada ya fito daga ɗakin canza kaya sun haɗa ido. In Fada ya girgiza kai, Baba ya wuce rumfarsa ta gyaran takalma da ke jikin katangar coci. In kuwa ya yafito shi da hannu, to ranar babu ɗinki. An yi rasuwa, kuma akwai gidan da bai sani ba tukuna.

Shekara talatin da ɗaya shi ikilisiyarmu ke aika ya kai labarin mutuwa. Ba zaɓensa aka yi ba. Fadan wancan zamanin ne ciwon ƙafa ya kwantar, ya aike shi sau ɗaya, daga nan abin ya zame masa aiki. Ranar Lahadin da aka sanar ya ajiye aikin, an yi masa ɗan tafi, aka wuce maganar gyaran rufin coci. Abin ya ba ni haushi, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ni malamin makaranta ne, ni ke koya wa mawaƙan coci waƙa, kuma wata biyu da suka wuce ni aka aika in gaya wa Baba cewa ɗansa ya rasu.

Bari in fara da halinmu, don ba mu kyauta ba. Ranar Lahadi mukan buɗe murya mu rera cewa mutuwa ba ta ba mu tsoro. Ranar Talata kuwa, da mun hango baƙar laima ta shigo layinmu, kowa zai fara lissafa 'yan'uwansa na nesa, sai ta wuce ƙofarsa ya sauke numfashi. Katin biki ba ya gane hanyar gidan Baba. Akwai ranar da ya gama gyaran takalmin wata baiwar Allah, ya ce bari ya kai mata gida ya hutar da ita. Tana buɗe ƙofa ta gan shi, sai ta zube a sume, shi kuma yana tsaye da takalmi a leda. An daɗe ana dariyar wannan labari, ni ma na yi. Shi dai tun ranar bai sake zuwa gidan kowa don zumunci ba.

Yana da ƙa'idojinsa. Ba ya gaya wa mutum a tsaye. Ba ya gaya wa mai riƙe da wuƙa ko jariri, ko wadda ke gaban wuta. In ya tarar mutum shi kaɗai ne a gida, sai ya tsaya a rana ƙarƙashin laimarsa har a samo maƙwabci. Babbar ƙa'idarsa kuwa, ba ya yin ƙaryar nan da dukanmu muka iya, ta cewa jiki ya yi tsanani alhali mutum ya riga ya cika.

Na taɓa tambayarsa dalili, ina jiran ya manne mini dugadugan takalmi. Bai ɗago kai ba ya ce, "Na yi sau ɗaya, Malam, a aikena na biyu. Mijin wata mata ne ya rasu a wani asibiti mai nisa. Na ce mata jiki ne ya tsananta, ta zo mu je. Ta dafa masa abin da yake so, ta rungume kwanon a cinya. Awa uku muna cikin mota tana roƙon Allah ya tashi kafaɗarsa, ni kuma ina cewa amin. Ka ji? Ina cewa amin. Na sa mace ta yi wa gawa addu'ar samun lafiya, da bakina na taya ta. Da muka isa ba ta zage ni ba. Kwanon kawai ta miƙo mini."

Wata ma'aikaciyar jinya da ta sha raka shi ta ce abin da ya fi ba ta mamaki shi ne ba ya gaggawar addu'a. Mu da mun shiga gidan makoki muke fara wa'azi, kamar muna tsoron shiru. Shi in ya faɗi sunan mamacin, ya faɗi kalmar, sai ya kama bakinsa. Ta ga wani magidanci ya shaƙe shi da wuyan riga har maɓallai suka tsinke, yana cewa ƙarya yake yi. Ta ji wata uwa tana gaya wa Allah maganganun da ba zan rubuta ba, Baba bai ce mata ta yi shiru ba. Sai kuka ya gajiyar da mutane yake fara Addu'ar Ubangiji shi kaɗai, a hankali, ba tare da ya ce kowa ya bi shi ba. Sau da yawa kafin ya kai ƙarshe muryoyi sun zama uku ko huɗu.

Kai ne, Baba, wanda fuskarka ta manne da ranar da ta fi kowace muni a rayuwar gidaje fiye da ɗari. Kai ne aka tsana ba laifin komai, ka kuma ƙi kare kanka. Mai shiga inda kowa ke neman hanyar fita. Ka san akwai waɗanda har yau suke sauya benci in ka zauna kusa da su, amma kana ambaton sunayen matattunsu a addu'arka ta safe.

A 'yan shekarun nan aikin ya koma tsere da waya. Kafin Baba ya ja ƙafarsa ya isa gida, wani mai rawar hannu ya riga ya sa hoton mamaci ya tura wa kowa. Wata tsohuwa a waya ta ga mutuwar 'yarta, tana cikin motar haya, ba wanda ta sani a kusa. Baba ya tashi a taron ikilisiya ya roƙi a riƙa ba shi ko da awa ɗaya. Muka ce to, muka ci gaba da halinmu.

Ranar da aka aike ni wurin Baba, Fada ya yi tafiya. Wajen ƙarfe goma na safe ya kira ni ina cikin aji. Auta, ɗan Baba da ke aikin haɗa wutar lantarki a wani gari, ya faɗo daga saman gini. Fada ya ce abokan aikin Auta sun fara kiraye-kiraye, in yi sauri. Na ce masa ban iya ba. Ya ce wanda ya iya ɗin shi za a gaya wa.

Na sami Baba a rumfarsa yana ɗinki da basilla. Ya dubi fuskata, ya dubi allin da ke hannuna, wanda ban ma san na fito da shi ba. Shi da kansa ya ajiye basillar, ya goge hannu, ya gyara zama.

"Na ajiye, Malam, kuma a zaune nake. Faɗi."

Duk abin da ya taɓa gaya mini ya gudu daga kaina. Na ji bakina yana cewa, "Baba, Auta ne. Ya ji ciwo a wurin aiki, jikin ya yi tsanani."

Ya kalle ni, ya ce, "Lafiya zan roƙa masa, ko hutu?"

"Hutu, Baba."

"To faɗa da bakinka. In ba ka faɗa ba, zuciyata za ta yi ta jira."

"Auta ya rasu. Yau da safe."

Ya riƙe wuyan hannuna da ƙarfi har na ji zafi. Can ya fara Addu'ar Ubangiji. Da ya kai wurin da ake cewa a yi nufin Allah, muryar ta tsaya. Ya sake gwadawa, ta ƙi. Ya ce, "Ƙarasa mini, Malam. Yau ba zan iya ba." Na ƙarasa ina kuka, kunya kuma ta cika ni.

Ban gama share ido ba ya miƙe. "Uwarsa tana kasuwa, kuma kowa a layinsu yana da babbar waya." Na ce ya zauna, zan nemo mata biyu su je. Ya ce a'a. Na miƙa masa laimarsa, ya ce in bar ta, domin in Mama, matarsa, ta hango ta daga nesa, a tsaye za ta ji labarin.

Ban taɓa ganin ya yi sauri irin na ranar ba, yana jan ƙafa, gumi na zuba. Da muka shiga layin masu kayan miya, maƙwabciyar Mama tana riƙe da waya, hannunta ɗaya a baki. Baba ya girgiza mata kai, ta sauke wayar. Mama ba ta ga komai ba, tana yanka wa wata kabewa.

Ya ce, "Sallami baƙuwarki, ki ajiye wuƙar, ki matsa mini in zauna."

Mama ta ajiye. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Yau gidanmu ne?"

"Gidanmu ne. Auta ya rasu."

Daga bakin mijinta ta ji, tana zaune, hannunsa a kan nata. Wannan shi ne aikensa na ƙarshe. Bayan jana'iza ya gaya wa Fada ƙafar ta gaji, mu kuma duk mun san ba ƙafar kaɗai ba ce.

Baba, mun gode. Mun gode da gaskiyar da ka riƙa faɗa mana a ranar da ba ma son ji, da rigunanka da aka yaga, da bukukuwan da muka ci ba kai. Ka yafe mana. Allah ya riƙe ka, ya riƙe Mama.

Ku kuma 'yan'uwa, Lahadi uku ke nan Fada yana neman wanda zai karɓi aikin, kowa yana duban ƙasa. Wani ya daure ya tashi tun Baba yana da bakin koya masa. Wanda ba zai iya ba, ya riƙe yatsansa awa ɗaya kafin ya tura hoton mamaci. Akwai kuma abin da kowa zai iya. Shekaranjiya da la'asar na je gidan Baba gaisuwa. Yana ganina ya fara laluben takalminsa a ƙarƙashin kujera, ya ce, "Gidan wa?" Na ce ba gidan kowa, hira na zo. Ya koma ya zauna da takalmi ɗaya a hannu. Ku je gidansa, ku yi ta zuwa, har ya daina yin wannan tambaya.